Gilashin da ake dasawa cikin ido: wanne ya fi ba mai matsalar ganin nesa gani garau?

Ɗan yayata malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke Jega, shekarunsa 27, kuma tun yana aji uku na firamare yake sanye da tabarau. Duk bayan shekara biyu ko uku sai an ƙara masa ƙarfi, har takardar gwajinsa ta kai ga nuna -13.00 a idon dama da -14.50 a na hagu, irin tabarau ɗin nan mai kauri da yara ke kira gindin kwalba. Bara ya je a duba ko za a yi masa aikin leza, wato gyaran gani da haske mai ƙarfi na na'ura, ya huta, sai likitan ya auna kaurin koniyarsa, wato tagar nan mai garai-garai da ke gaban ido, ya ce ba za ta ɗauka ba, ya kawo masa maganar gilashin da ake dasawa cikin ido. Ya dawo gida da sunaye huɗu a rubuce a bayan takardar asibiti, ICL da Artisan da Artiflex da IPCL, ya ajiye a gabana ya ce: “Kawu, kai da ka daɗe kana gwada idanun mutane, wanne ne a cikinsu zai sa in ga allo tangaran, in kuma iya tuƙa babur da dare?” Ganin allo da rana da ganin hanya da dare daban-daban ake auna su, kuma a na biyun ne waɗannan gilasai suka fi shan bamban da juna.

Wannan aiki ba shi ne aikin yanar ido da mutanenmu suka saba gani ana yi wa dattawa ba. A aikin yana, ana cire madubin ido na halitta ne saboda ya yi hazo, a sa na roba a gurbinsa. A nan kuwa madubin halitta lafiyarsa lau, ba a taɓa shi, ƙarin gilashi siriri kawai ake zurawa a gabansa, don haka matashi yana ci gaba da karanta littafi kusa ba tare da wani tabarau ba har zuwa lokacin da shekaru za su kawo nasu sauyin bayan arba'in. Asalin matsalar mai ganin kusa kawai ita ce idonsa ya yi tsawo daga gaba zuwa baya. Ido madaidaici bai cika wuce milimita 24 ba, amma na mai -13 yakan kai 28 ko fiye, don haka hasken abin da ke nesa yakan haɗu tun kafin ya isa retina, labulen bayan ido inda hoto ke sauka. Aikin gilashin dashe shi ne ya ɗan warwatsa hasken yadda zai haɗu daidai a kan labulen.

Wurare uku ne a cikin ido aka taɓa gwada ajiye irin wannan gilashi. Na farko a gaban airis, zoben nan mai launin ƙasa-ƙasa da ke kewaye da ƙofar haske, wato baƙin ɗigon tsakiyar ido, inda ƙafafun gilashin ke dogara a kusurwar da airis ya haɗu da koniya. Na biyu a gaban airis ɗin dai, amma a maƙale a jikinsa da wasu 'yan farata biyu. Wannan shi ne Artisan da ƙanensa Artiflex. Na uku a bayan airis, a 'yar tazarar da ke tsakaninsa da madubin halitta. Nan ne mazaunin ICL da IPCL.

Na farkon ba ya buƙatar dogon bayani. Likitoci irin su Strampelli a Italiya da Barraquer a Sifaniya sun gwada shi tun a shekarun 1950, aka watsar saboda koniyoyi sun riƙa kumbura suna yin fari. An farfaɗo da shi a ƙarshen shekarun 1980, aka yi ta gyare-gyare, kuma na baya-bayan nan da ya yi suna, AcrySof Cachet na kamfanin Alcon, an daina sayar da shi a 2014 saboda a wasu idanun yana cinye ƙwayoyin da ke bayan koniya da sauri. Duk wanda aka yi wa tayin gilashin kusurwa a yau ya nemi jin ra'ayin wani likitan kafin ya amsa.

Kafin a gwada sauran da juna, ya kamata mai tabarau mai kauri ya san abin da kowannensu zai ba shi, domin ribar tana da yawa kuma lissafi ne ya tabbatar da ita. Tabarau mai rage ƙarfin haske yana ƙanƙantar da duk abin da aka kalla ta cikinsa, kuma gwargwadon nisansa daga ido gwargwadon ƙanƙantarwar. Tabarau mai -10 da ke zaune a kan hanci yana rage girman hoto da kusan kashi 13 cikin 100, mai -15 kuwa da kusan kashi 18. Ban da haka, in mutum ya kalli gefe ta bakin gilashin, layuka kan lanƙwashe, gefen abubuwa kuma ya yi launin bakan gizo. In aka mayar da gyaran cikin ido, dab da ƙofar haske, hoton yakan dawo kusan girmansa na gaskiya, kuma gilashin yana juyawa tare da ido duk inda ya kalla. Wannan ne ya sa da yawa daga waɗanda aka yi wa dashe ke karanta ƙarin layi ɗaya, wani lokaci biyu, a allon haruffan gwajin ido fiye da iyakar da suke kaiwa da tabarau mafi kyau. A wannan ribar, Artisan da Artiflex da ICL da IPCL duk tafiyarsu ɗaya.

Sai kuma leza, tunda ita ce kowa ya fara ji. LASIK da PRK da SMILE duk rage naman koniya suke yi daga tsakiya domin ta baje. Kowace dayofta guda, wato ma'aunin ƙarfin gilashi, tana cin maikiron 12 zuwa 15 na kauri (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali koniya gaba ɗayanta kimanin maikiron 540 ce, ta mutanen Afirka ma takan ɗan gaza haka. Ɗan yayata da kansa ya yi lissafin a gabana: tasa 490 ce, a cire 110 na fallen da ake ɗagawa a LASIK, a cire aƙalla 150 da lezar za ta ci, saura 230, alhali likitoci ba sa son a bar ƙasa da 250 zuwa 300. Ko da kaurin ya isa ma, akwai batun siffa. Koniya ta halitta ta fi tudu a tsakiya, tana bajewa a hankali zuwa gefe, kuma wannan siffar ce ke sa hasken da ya shigo ta gefe ya haɗu kusan wuri ɗaya da wanda ya shigo ta tsakiya. In aka baje tsakiyar da yawa sai siffar ta juye, hasken gefe ya riƙa haɗuwa a gaban na tsakiya. Da rana ba a lura, domin ƙofar haske ta tsuke ta tare hasken gefe, amma da dare sai fitila ta yi gashi-gashi, baƙin abu a kan baƙar kwalta ya ɓace. Gilashin dashe yana barin koniya da siffarta. Wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, da wasu likitoci biyu, Barsam da Allan, suka yi, wanda ya haɗa gwaje-gwaje uku a kan idanu 228 masu ƙarfi daga -6 zuwa -20, ya gano cewa bayan shekara guda waɗanda aka yi wa dashe ba su cika rasa layin gani ba kamar na leza, kuma sun fi iya rarrabe abubuwa a dishi-dishi, sai dai marubutan sun ja kunne kan haɗarin yanar ido da wuri da kuma buƙatar bibiya mai tsawo. Ga mai -3 ko -4 da koniya mai kauri, ni ba na ganin dalilin buɗe ido a shiga ciki. Leza ko tabarau sun wadatar. Maganar dashe ta fi ƙarfi ne daga wajen -8 zuwa sama, ko ga mai siririyar koniya.

Artisan shi ne dattijon cikinsu. Likita Jan Worst na ƙasar Holan ne ya ƙirƙiro dabarar maƙalawa a airis a 1978 domin masu aikin yana, aka fara amfani da ita ga masu matsalar ganin nesa a 1986, kamfanin Ophtec da ke Groningen yake ƙera shi, kuma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2004 da sunan Verisyse. Da roba mai tauri ake yin sa, irin wadda aka shafe shekaru da dama ana sa wa a idanu ba tare da ta yi hazo ba, kuma a kan teburin gwaji hotonsa tsaf yake. Yana da fifiko guda da ba a cika faɗa ba: likita ne ke zaɓar inda zai maƙala shi, don haka yana iya daidaita tsakiyar gilashin da tsakiyar ƙofar haske, wadda a yawancin mutane ta ɗan karkata wajen hanci. Ƙarfinsa kuma yana kaiwa -23.5, inda wasu ba sa kaiwa.

Taurin nan nasa shi ne kuma rauninsa. Tunda ba ya naɗuwa, sai an yi tsaga mai faɗin milimita 5 zuwa 6 da ɗoriya kafin ya shiga, a ɗinke ta. Tsaga mai wannan girma tana ja wa koniya karkata ta gefe guda, abin da ake kira astigimatizim, inda ɗigon haske ke zama kamar an ja shi ya yi wutsiya. Yakan ragu bayan an warware zare, amma ganin kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya zauna, kuma abin da ya rage ya dogara da hannun likita. Ga kuma batun faɗin gilashin: mai milimita 6 yana tsayawa ne a -15.5, daga nan sai mai milimita 5. Artiflex an yi shi ne domin magance tsagar. Tsakiyarsa silikon ne mai naɗuwa, faɗinsa milimita 6, yana shiga ta tsaga mai kusan milimita 3.2, amma ƙarfinsa ya tsaya a -14.5, kuma a wasu idanun ƙwayoyin kumburi da burbushin launin airis kan taru a fuskarsa su dusashe gani har sai an yi amfani da maganin ɗigawa.

ICL kuwa na kamfanin STAAR Surgical ne na Amurka. An fara dasa shi a 1993, FDA ta amince da shi a 2005. Yana da laushi ƙwarai, ana naɗe shi a tura ta tsaga da ba ta wuce milimita 3 ba, sau da yawa ba a ma ɗinki, don haka karkatar da aikin ke jawowa kaɗan ce kuma mutane da yawa kan ga garau tun washegari. Kasancewarsa a bayan airis ya sa mai kallo ba ya ganinsa, ba kamar Artisan ba da akan hango ƙyallinsa in haske ya bugi ido ta gefe. Tsohon samfurinsa yana da babban aibu guda: yana tare hanyar ruwan ido da ke gudana daga baya zuwa gaba, don haka sai an huda airis da leza tukuna, kuma in ya kwanta kusa da madubin halitta yakan hana shi abinci ya jawo masa yana ta gaba. Wani likitan Japan, Kimiya Shimizu, shi ne ya kawo dabarar yin huda mai faɗin milimita 0.36 a tsakiyar gilashin domin ruwa ya wuce. Wannan samfuri mai huda, da ake kira EVO, shi ake dasawa yanzu, FDA ta amince da shi a 2022 ga masu shekara 21 zuwa 45 da ƙarfi daga -3 zuwa -20, kuma tun zuwansa rahotannin yana suka ragu sosai.

Da na gaya wa ɗan yayata akwai huda a tsakiyar gilashin, sai ya ce ta yaya za a huda daidai inda ake gani a ce bai ɓata gani ba. Tambayar tana da kyau, amsarta kuma lissafi ce. In ƙofar haske ta buɗe milimita 4, hudar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na filin da haske ke bi ba, don haka gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna wani bambanci mai muhimmanci a kaifin hoto tsakanin mai huda da marar huda ba. Amma bangon hudar yana dawo da ɗan haske, kuma mutane da yawa a makonnin farko kan ga siririn zobe in fitila ko rana ta bugo su ta wata kusurwa. Yawanci ƙwaƙwalwa kan saba ta daina lura da shi cikin 'yan watanni. Akwai 'yan kaɗan da ke ci gaba da ganinsa, kuma haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa wannan kafin aiki.

Babbar magana ga mai tafiyar dare ita ce faɗin gilashin idan aka gwada shi da faɗin ƙofar haskensa a cikin duhu. Ƙofar hasken matashi tana iya buɗewa milimita 6 zuwa 7, wani ma fiye. In ta buɗe ta wuce bakin gilashin, hasken da ya bi ta gefe ba a gyara shi ba, sai ya zana zobe kewaye da kowace fitila kamar wanda kan kewaye wata a daren hazo. Wanda ya taɓa bin hanyar Jega zuwa Koko bayan isha'i, tireloli na zuwa da cikakkiyar fitila, ga ƙurar hunturu ta riga ta warwatsa hasken tun kafin ya iso ido, ya san ƙarin zobe a kan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faɗin EVO yana tsakanin milimita 4.9 da 5.8, na EVO+, samfurinsa da aka ƙara wa faɗi, kuma 5.0 zuwa 6.1, kuma a dukkansu gwargwadon ƙarfin gilashi gwargwadon raguwar faɗinsa, wato wanda ya fi buƙata shi ke samun mafi ƙanƙanta. Sai dai ba a gwada waɗannan lambobi kai-tsaye da lambar da aka auna ƙofar haske daga waje, domin koniya tana ƙara wa abin da ke bayanta girma da kimanin kashi 13 cikin 100, kuma gilashin da ke bayan airis yana dab da ƙofar, don haka yana rufe ta fiye da yadda lambarsa ta nuna. A nan na fi ba ICL, musamman EVO+, fifiko a kan Artisan mai milimita 5. Tsakaninsa da Artiflex ko Artisan mai milimita 6 kuwa tazarar ba ta da yawa. Abin da ba zan yarda a tsallake ba shi ne auna ƙofar haske a ɗaki mai duhu da na'ura; haska tocila a ido a ɗakin da rana ta cika ba awo ba ne.

Ga mai astigimatizim tun asali, akwai samfurin kowanne da ke gyara shi tare, amma dole ne ya zauna a kusurwar da aka tsara. Kowane digiri ɗaya da ya juya yana zubar da kusan kashi 3 cikin 100 na gyaran, in ya kai digiri 30 ya zubar da shi duka. Gilashin da aka maƙala a airis ba ya juyawa, domin a kame yake. ICL a zaune kawai yake a gurbinsa, kuma in ya yi wa gurbin ƙanƙanta yana iya zamewa har sai an koma an daidaita shi. Ba ya faruwa da yawa, amma a wannan fanni Artisan da Artiflex sun fi tabbas.

Duk abin da na ambata zuwa yanzu ingancin gani ne na shekarar farko. Mai shekara 27 kuwa zai zauna da gilashin nan shekara 25 ko 30 kafin lokacin aikin yana ya zo a cire shi, kuma hoto ba zai yi kyau ba sai koniyar da ke gabansa da madubin da ke bayansa sun ci gaba da zama garau. A bayan koniya akwai shimfiɗar ƙwayoyi falle ɗaya, endoteliyam, waɗanda ke zuƙe ruwa daga cikinta dare da rana. Baligi yana da kimanin 2,500 zuwa 3,000 a kowace murabba'in milimita, suna raguwa da kansu da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. In suka sauka zuwa wajen 500 koniya takan kumbura ta yi fari, sai dashen koniya. Gilashin da ke gaban airis ya fi kusa da waɗannan ƙwayoyi, kuma bibiyar shekaru goma da aka yi wa masu Artisan ta nuna raguwarsu ta fi ta halitta, a wasu idanun da sauri. Shi ya sa ake so a ƙirga su duk shekara, a cire gilashin in sun doshi 1,500. Murza ido yana tura koniya ta kusanci gilashin, kuma a ƙasarmu, inda ƙaiƙayin ido ke addabar matasa duk hunturu da bazara, wannan ya isa ya sa ni jinkiri kafin in ba mai yawan murza ido shawarar Artisan.

ICL ya fi nisa da endoteliyam, damuwarsa tana ta baya. Tazarar da ke tsakaninsa da madubin halitta ana son ta kasance maikiron 250 zuwa 750. In ta gaza, haɗarin yana ya ƙaru. In ta wuce, yana tura airis gaba ya matse magudanar ruwan ido, ko ya goge launin airis ya toshe ta, hawan jinin ido ya biyo baya. Girma huɗu kawai ake ƙera shi, milimita 12.1 da 12.6 da 13.2 da 13.7, kuma gurbin da zai zauna ba a ganinsa daga waje, sai an ƙiyasta daga faɗin koniya ko an leƙa da na'urar sauti ta musamman. Ingancin ICL rabi na gilashin ne, rabi na wanda ya auna. Hawan jinin ido kuma ba baƙo ba ne a gare mu: binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yana, kuma masu dogon ido sun fi kusa da shi, har maganin kumburin da ake ɗigawa bayan aiki yana iya tayar musu da shi. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke ɗiga maganin hawan jinin ido ya faɗa wa likita tun a zaman farko.

Zurfin ɗakin gaban ido, daga bayan koniya zuwa madubin halitta, shi ke fara yanke hukunci kafin ra'ayin kowa. A Amurka ana neman aƙalla milimita 3.0 ga EVO da 3.2 ga Verisyse, a Turai akan sauko zuwa 2.8 ga ICL. Wanda bai kai ba, kada ya bari a lallashe shi.

Akwai wata magana da ban ga ana yi wa mutanenmu bayaninta ba, alhali ta shafe su. Sinadarin da ake yin ICL da shi, Collamer, roba ce da aka haɗa da ɗan ƙaramin kaso na kolajin, wani sinadarin jikin dabba, da aka tace daga alade, kuma kamfanin da kansa ya rubuta haka a takardar bayanin gilashin. Hukuncin abin da aka sarrafa ya sauya daga asalinsa, da hukuncin magani a halin buƙata, magana ce ta malamai, kuma gare su ya kamata a kai ta tare da cikakken bayani. Nawa shi ne in ce kada Musulmi ya ji wannan bayan an riga an dasa masa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da mafita: Artisan da Artiflex roba ce zalla, haka ma IPCL na kamfanin Care Group da ke Indiya, wanda ke zama a bayan airis kamar ICL, yana da huda a tsakiya da wasu a gefe, ana samunsa da ƙarfin da ya haura -20, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Sakamakon da aka wallafa na shekarunsa na farko yana kusa da na ICL wajen kaifin gani. Bambancin shi ne ICL yana da bibiyar sama da shekara ashirin a idanu masu yawan gaske, IPCL kuwa tarihinsa bai kai haka ba tukuna.

Sai batun nisa, wanda takardun kamfanoni ba sa kawowa domin ba don mutumin Kamba ko Zuru aka rubuta su ba. Mafi yawan mutanenmu da za su yi wannan aiki tafiya za su yi, Abuja ko Legas, ko Masar ko Indiya, su dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Auna hawan jinin ido ana yi a Birnin Kebbi da Sakkwato ba tare da wahala ba. Ƙirga ƙwayoyin bayan koniya da auna tazarar gilashi kuwa suna buƙatar na'urori na musamman, kuma ya kamata mutum ya gano inda mafi kusa suke, ya tabbatar suna aiki, tun kafin ya sayi tikiti. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ma tafiyar wuni ce daga nan. Wanda ya san ba zai iya wannan zirga-zirga duk shekara ba, gilashin gaban airis ba nasa ba ne. Ya kuma karɓo katin gilashinsa mai ɗauke da samfuri da ƙarfi da girma, da takardun awon da aka yi masa kafin aiki, domin likitan da zai cire masa yana nan gaba zai buƙace su.

Babu ɗaya cikin gilasan nan da ke rage tsawon ido. Retinar mai -13 tana nan a miƙe, siririya, kuma haɗarin yagewa ko ɓallewarta yana nan ko da ya ajiye tabarau. In ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru farat ɗaya, ko wani labule ya sauko ta gefe, ranar zai nemi likitan ido, ba mako mai zuwa ba.

Abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne, ga idon da zurfinsa ya isa kuma ƙarfinsa bai wuce -18 ba, gilashin bayan airis mai huda shi ne ya fi haɗa kaifin gani da ƙaramar tsaga da nisa daga bayan koniya, kuma shi zan zaɓa, in har likitan yana yawan dasa shi kuma yana da na'urar auna gurbinsa. Artisan zan ajiye shi ga mai ƙarfin da ya wuce haka, ko mai astigimatizim mai yawa da ake tsoron juyawar gilashi, muddin ba ya murza ido kuma zai riƙa zuwa ƙirga. Awonsa ya fito: zurfi milimita 3.3, ƙwayoyi 2,850, ƙofar haske 6.4 a duhu, takardun gwajinsa na shekara biyu kuma sun nuna ƙarfin ya tsaya. An ga wani wuri siriri a gefen retinarsa ta hagu, aka kewaye shi da leza tukuna. Ya kai maganar kolajin gaban malaminsa a Jega, kuma yana jiran amsa kafin ya tsayar tsakanin EVO+ da IPCL. Lokacin aikin kuwa mun tsayar da shi a dogon hutun watan Agusta, sa'ad da ruwa ya kwantar da ƙura kuma ba zai tsaya gaban allo da alli ba na tsawon makonni.